ABIN DA AGWAGWAR DAJI TA CI SHI KE FITOWA A TUKUNYA

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka abin yake ga naman agwagwar daji. Sau da yawa maharbi yakan kawo agwagi biyu iri ɗaya, a dafa ɗaya kowa ya yi santi, a dafa ɗayar kuwa ƙarni ya cika gida har a zargi uwargida da rashin iya girki. Alhali kuwa ba laifinta ba ne. Bambancin ya samo asali tun daga fadamar da tsuntsuwar ta yi kiwo.

Babu inda ya fi dacewa a ga wannan kamar fadamun Haɗeja da Nguru, inda Kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kowace damina kafin su haɗu su nufi Tafkin Cadi. A nan ne kirinjijiya da ɗinya da kwarwa ke zaune rani da damina. Da kaka kuma sai baƙin agwagi su iso daga Turai da Rasha, sun gudo wa sanyi, su zauna har wajen watan Maris ko Afrilu.

Abincin yawancinsu tsaba ce, watau shinkafar da ta zube a gona bayan girbi, da 'ya'yan bado, da 'ya'yan ciyayin fadama irin su burugu. Agwagwar da ta samu irin wannan kiwo takan tara kitse fari mai kauri a ƙarƙashin fata, namanta kuma ya yi zaƙi babu wari. Amma wadda ta dogara ga katantanwa da ƙwarin ruwa da tsutsotsin laka, kitsenta yakan yi ja-ja, ya ɗauki ƙarni irin na kifi. Dalili kuwa shi ne man da ke cikin abin da tsuntsu ya ci yakan taru a kitsensa kusan yadda ya shiga. Shi ya sa wata baƙuwar agwagwa mai faffaɗan baki kamar cokali, wadda ke tace ƙananan halittu daga ruwa, ba ta da farin jini wajen masu ci har a can ƙasarsu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Baƙin agwagi sukan iso a rame bayan sun ƙetare teku da hamada, naman duk ya yi tauri. Sai sun yi watanni suna kiwo, musamman dab da komawa gida, sa'an nan suke yin ƙiba sosai, domin kitsen shi ne guzurinsu na hanya. Haka nan kuma agwagwar da ta yi kiwo a kududdufin da ya soma ƙafewa da bazara ba za ta yi daidai da wadda ta ci a sabon ruwa ba.

Akwai kuma batun da ya wuce ɗanɗano. Masana sun gano cewa a wasu wurare na Afirka ta Yamma ɗinya takan ci hangara, ƙwaron nan da ke sa bororo a fata, dafinsa kuma ya zauna a namanta, har ya iya cutar da wanda ya ci. Wuta ba ta kashe wannan dafi. Bugu da ƙari, tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya cikin 2006, bai kamata kowa ya tsinci mataccen tsuntsu ko marar lafiya a bakin ruwa ya kai gida ba.

Abin damuwa shi ne ita fadamar kanta ta canja. Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, aka kuma ƙara ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamun ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren bado. Inda abincin tsuntsu ya ragu, namansa ma sai ya ragu, a yawa da kuma daɗi. Don kāre abin da ya saura ne aka hana farauta a mafakar tsuntsaye ta Dagona cikin Jihar Yobe da gandun Baturiya cikin Jihar Jigawa.

Ga mai saye da mai dafawa, dabarar ba ta da wuya. A duba launin kitse, a kuma tsaga ƙundu a ga abin da ke ciki. In tsaba ce, a fige a gasa da fatarta. In kuwa ɓawon katantanwa ne da laka, a feɗe fatar a cire kitsen duka, a wanke da lemon tsami, a dafa da citta da tafarnuwa da masoro. A kuma fitar da kayan ciki da wuri, domin zafin rana ba ya jira.

Mai son romo mai daɗi dai, sai ya fara tambayar lafiyar fadama.