Zauren Bita: Maƙerar Marubuta

Duk shekara sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu suna yaye ɗaliban da suka haddace ma'anar jigo da salo da zubi da tsari. Amma da za a ce su ƙaga labari mai shafi biyu, nan take ido zai raina fata. Mun koya musu feɗe adabi, mun bar su ba su iya ƙera shi ba.

Tarihinmu ya isa darasi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Sai dai alƙalamin Abubakar Imam ya ƙara nuna ne a zaman da ya yi a Zariya tare da East, yana rubutawa ana dubawa, ana gyarawa, har Magana Jari Ce ta samu. Wannan ita ce bita.

Na jarraba haka a ajina. Ɗalibi yakan karanta labarinsa, sannan ya kame bakinsa, 'yan'uwansa su faɗi inda suka gamsu da inda suka ɓace. Da farko kunya da kara sukan hana faɗin gaskiya. Bayan 'yan makonni sai kunne ya buɗe, mai nuna ramin wani ya fara hango nasa.

Cunkoson aji matsala ce, amma ana iya kasa ɗalibai rukuni-rukuni. Ya kamata hukumomin jami'o'i su ware wa bita sa'o'inta da makinta a manhaja, domin ba a koyon ƙira daga bakin ƙofar maƙera.