Ciwon ƙugu mai sauka ƙafa da mugun mafarki: mene ne haɗinsu?

Yau da labarin kawuna zan fara.

Kawu manomin albasa ne, noman rani yake yi a wajajen Shagari. Bara, lokacin dashe, ya sunkuya zai ɗaga injin ban ruwa, sai ya ji abu ya tsarge shi daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu da bayan cinya har ƙasan ƙafa. Bayan sati biyu na je duba shi daga Bodinga. Ciwon ma bai dame shi kamar mafarkin ba. Ya ce min, "Ɗana, kullum dare sai in ga kare shina cizo na ga wannan ƙafar. Wannan ba banza ba." A gida an riga an yanke hukunci: jifa ne.

To, bari mu fara da ciwon. Likitoci suna kiran sa sayatika, sunan wata jijiya ce da ta fi kowace tsawo da kauri a jikin mutum. Daga ƙasan gadon baya take fitowa ta gangara har ƙafa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi mai kamar matashi. Idan ya bulluƙo ya danne saiwar jijiyar, sai ka ji zafi, ko kamar lantarki, ko ƙafa ta riƙa yin sanyi kamar ba taka ba, galibi ɓangare ɗaya. Masu dako, manoma, direbobi, da 'yan kabu-kabu da ke wuni kan babur tsakanin Bodinga da Sakkwato, duk sun san shi ko da ba su san sunansa ba.

Ita jijiyar ba ta aika mugun mafarki zuwa ƙwaƙwalwa. Barcin ne ciwon yake lalatawa. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, kuma a ciki akwai matakin da ake kira REM, inda idanu ke motsi a rufe kuma mafarki ya fi ƙarfi. Wannan matakin ya fi tsawo gab da asuba. Mai lafiya yakan wuce shi ya manta yawancin abin da ya gani. Mai sayatika kuwa, da ya juya sai zafi ya tashe shi, sau da yawa a tsakiyar mafarkin, sai ya tashi da shi ɗanye a kai. Wani lokacin ma zafin kansa ne ke shiga cikin mafarkin, kamar yadda mai jin fitsari ke mafarkin banɗaki. Ku lura, karen Kawu bai taɓa cizon ƙafar hagu ba. Ta dama ce mai ciwon. Barcin da ake yawan katsewa kuma yana jawo dannau, inda za ka farka amma jiki ya ƙi motsi. Ga kuma tunani: mutum na kwance, albasa na jiran ruwa, bashin taki na kansa.

Sai magani, kuma nan ne na fi son matasa su saurara. Da na tambayi Kawu me yake sha, sai ya ciro tiramol daga aljihu. A kyamis aka ba shi, babu takardar likita. Tiramol na iya kawo mafarkai masu ban tsoro, haka in jiki ya saba da shi aka daina farat ɗaya. NAFDAC miligiram 50 da 100 ta amince da su, amma wanda ke yawo a hannun matasa, wanda NDLEA ke yawan kamawa, har 225 yake kaiwa. Na san samari da ba shaye-shaye ya kai su ga ƙwayar nan ba, ciwon baya ne. Kuma ko magungunan da likita ke rubutawa don ciwon jijiya, irin su amitriptyline, suna iya canza wa wasu mafarki. Shi ya sa in ka je asibiti ka faɗi duka biyun. Mu dai mun saba raba su: ƙafa a kai wa mai kyamis, mafarki a kai wa malam, babu wanda ya ji labarin gaba ɗaya. Ban ce a bar addu'ar kwanciya ba, ni ma ina yi.

Yawancin masu sayatika suna samun sauƙi cikin sati 4 zuwa 6. Kwanciya wuni guda ba ta taimakawa, gara tafiya kaɗan-kaɗan. Da dare a kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da filo ƙarƙashinsu. Amma idan fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce maka, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓi, ko ƙafafu suna ƙara rauni, kada ka jira gari ya waye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, kuma jinkiri a nan yana iya barin mutum da nakasa.

Kawu bai kai nan ba, alhamdulillahi. Likita ya tsara masa yadda zai rage tiramol a hankali, ya tura shi sashen gashin ƙashi. Da barcinsa ya daidaita, karen ya daina zuwa. Har yau dai ya ƙi yarda filo ne ya kore shi, kuma injin ban ruwan yanzu yara biyu ke ɗauka.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.