Hanyar Ƙafa Daga Kusugu Zuwa Fada: Batun Raya Tsakiyar Birnin Daura

A shekarun baya-bayan nan ci gaban Daura ya fi karkata ga manyan cibiyoyi masu buƙatar fili mai faɗi, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a ƙarshen shekarar 2019, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Tsohon gari kuwa, inda fadar Sarki da rijiyar Kusugu suke, bai ci moriyar baƙinsa yadda ya kamata ba, domin baƙo yakan zo a mota, ya leƙa rijiyar da tarihin baka ya ce a nan Bayajidda ya kashe macijiya a zamanin Daurama, ya kurɓi ruwanta, ya juya, ba tare da baduku ko mai fura ya ga sisinsa ba.

Maganin da wasu birane suka gwada shi ne hanyar haɗaka, wato tafarkin da ake keɓe wa masu tafiya a ƙasa da masu kekuna da keken guragu, a nesanta shi daga motoci, sannan a bi da shi ta wuraren da suka cancanci gani. A birnin Boston na Amurka, jan layi da aka shimfiɗa a ƙasa mai tsawon kusan kilomita 4 ya haɗa wuraren tarihi 16, kuma mai binsa ba ya buƙatar ɗan jagora. Daura tana da abin da ya fi wuyar samu, wato wuraren su kansu, tunda rijiya da fada da masallacin Juma'a da kasuwa duk ƙafa tana iya kaiwa gare su.

Sai dai tsarin da zai yi aiki a nan dole ya fara da inuwa, saboda a bazara zafi yakan haura digiri 40, kuma babu mai tattaki a kan bulon da rana ta gasa, komai kyansa. Darbejiya tana jure ƙarancin ruwa, amma tana ɗaukar shekaru kafin ta yi rumfa, don haka dasa ta, da killace ta daga awaki, ya kamata ya riga shimfiɗa bulo. Bayan inuwa sai lambatu, domin ruwan Agusta yana iya kwashe aikin shekara guda a dare ɗaya. Akwai kuma dawakan hawan Sallah da na Sallar Gani, waɗanda daɓe mai santsi zai zame wa kofatansu haɗari, da kurar 'yan garuwa wadda ba ta hawa dakali mai tudu.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne makomar masu tebur da masu tuyar ƙosai na bakin titi. Kuskure ne babba a kore su da sunan tsafta, tunda cinikinsu ne dalilin aikin tun farko. Abin da ya dace shi ne a auna musu rumfuna, a sa fitilun sola don kasuwar dare. Rabon wuraren kuwa ba zai yiwu daga ofis kaɗai ba, sai majalisar Sarki Umar Faruk Umar da ƙaramar hukuma sun zauna da masu unguwannin Kusugu da Sarkin Yara, waɗanda suka san wace ƙofar gida layin zai shafa, da wanda za a biya diyya.