Bayani A Kan Zazzaɓin Injin Jirgin Ruwa Da Maganinsa

 Watakila wani ya ce, me ya haɗa malamin allo na Gyaɗi-Gyaɗi da injin jirgin ruwa, alhali tsakaninmu da Tarauni babu kogi babu tafki? To, ka sani hanyar Zariya da ta ratsa unguwarmu ita ce a ke bi zuwa Tiga, madatsar da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Akwai kuma ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, da ta Watari a Bagwai. Daga waɗannan ruwaye kifi ke zuwa kasuwanninmu, a kansu kuma 'ya'yanmu ke hayewa. Ba mu manta ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a ruwan Bagwai, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya daga Badau. Lodi fiye da kima aka ce ya jawo. Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar na daina ɗaukar zancen jirgi zancen wasu.

Dalilin rubutun nan kuwa wani tsohon almajirina ne. Bayan ya yi sauka ya koma garinsu a bakin Tiga, wani attajiri ya saya masa injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, su raba riba. Wata ranar kasuwa, ya ɗauko mutane da kaya, sai inji ya yi zafi ya mutu a tsakiyar ruwa, ga iska ta taso. Da filafili ɗaya suka yi ta fama, ba su kai gaci ba sai bayan magariba. Ya ɗauko injin a mota ya kawo wa wani bakanike a Tarauni, ni kuwa na raka shi, na zauna a benci tun azahar har la'asar sakaliya ina tambaya. Abin da na fahimta shi ne na tsara a nan fasali fasali.

Fasali na farko: yadda inji ke shan ruwa

Irin wannan inji da a ke rataya wa jirgi a baya, wani mutum mai suna Ole Evinrude ne ya shahara da ƙera shi a Amurka tun 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuwa ya fara nasa a 1960. Ba shi da lagireto kamar mota. Ruwan da jirgi ke tafiya a kai shi ya ke sha. A ƙafarsa, kusa da farfela, akwai 'yan ƙofofi masu raga, nan ruwa ke shiga. Bisa da su akwai famfo, cikinsa da wata 'yar roba mai fikafikai, wadda makanikai ke kira imfela. Sandar da ke juya farfela ita ke juya ta, ta tura ruwa cikin bututu zuwa sama, ya kewaye gidan fistin, ya kwashe zafi, ya fita tare da hayaƙi. Kaɗan daga ruwan nan ya kan tsarto ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin murfi. Wannan tsartuwa ita ce shaidar da inji ke ba mai shi cewa ya ƙoshi.

Fasali na biyu: alamomin cuta

Alamomi huɗu ne. Tsartuwar ta ɗauke ko ta raunana. Ko ta zo da zafi da tururi, har hannu ya kasa jimrewa. Ko ƙarfin inji ya ragu ba tare da ka rage wuta ba. Ko ka ji ƙaurin fenti da roba. In ɗaya daga cikinsu ta bayyana, ka kashe inji nan take, ka ɗauki filafili. Kada ka ce bari in ƙarasa, gaci ya yi kusa, domin fistin in ya kumbura ya kama bango, inji ya buga ke nan, gyaransa kuwa ya kan ci riba har da uwar kuɗi. Kada kuma ka kwara wa kan inji ruwan sanyi yana tsakiyar zafi, ƙarfen ya kan karkace ko ya tsage. Ka buɗe murfi ka bar shi ya huce da kansa.

Fasali na uku: neman sababi

Ƙa'idar bakaniken nan ta yi mini daɗi, ya ce a fara da mai sauƙi kafin mai wuya. Da farko ka ɗaga ƙafar inji ka duba ƙofofin ruwa. Sau da yawa leda ce ta liƙe, ko kainuwa, ko guntayen kacalla, ciyawar nan da ta addabi kogin Haɗejiya. Ka cire, ka mayar da ƙafar cikin ruwa, ka tayar.

Na biyu, ka zura siririyar waya ko igiyar fatsa cikin kafar tsartuwa. Injin da ya daɗe a jingine, zanzaro ya kan gina ɗakinsa a ciki, sai ka ga babu tsartuwa alhali famfo lafiyarsa lau.

Na uku, ka duba zaman injin a kan katako. In an ɗaure shi ya yi tudu, ko kaya sun rinjayi goshin jirgi har baya ya ɗaga, ƙofofin su kan shaƙi iska maimakon ruwa. Lodi mai yawa kuma ya kan sa inji ya yi ta nishi yana ɗaukar zafi, ban da hatsarin kifewa.

Na huɗu, imfela. Abokan gābanta biyu ne, yashi da ƙishirwa. Yashi na cinye fikafikanta sannu a hankali in a na yawan bi ta ruwa marar zurfi. Tayar da inji a tudu kuwa na ƙona ta kafin minti ɗaya ya cika, domin ruwa ne ke sanyaya ta, shi ne kuma man shafawarta.

Na biyar, akwai wani ɗan ƙyaure a kan inji, sunansa tamostat, wanda ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi sa'an nan ya buɗe. In datti ya ƙafe shi, ruwa ba ya kewayawa. A cire shi a jefa cikin ruwan zafi a kan wuta. Mai lafiya ya kan buɗe baki tun ruwan bai kusa tafasa ba. Wanda ya ƙi buɗewa a sake shi. Waɗansu su kan yar da shi su bar gurbin haka nan, wannan kuskure ne, domin inji mai sanyi kullum ya kan sha mai, fulogi ya yi baƙi.

Na shida, haɗin mai. Injin da a ke gauraya wa fetur da baƙin mai, yawanci kashi 1 ne cikin 50, watau mililita 400 ga lita 20, sai fa in littafin injin ya faɗi wani abu dabam. Mai tauye wannan mudu kansa ya ke cuta.

Fasali na huɗu: gyara

Da aka kwance ƙafar injin almajirina, sai ga imfela ta ƙone, fikafikai biyu sun karye. Bakanike ya tambaye shi, "Kana tayar da shi a tudu?" Ya sunkuyar da kai ya ce kullum da safe ya kan yi haka, wai don ya yi ɗumi. Bakanike bai sa sabuwa ba sai da ya nemo guntayen nan biyu, ɗaya ma a bakin bututu ta maƙale, domin in an bar su za su toshe hanya ciwo ya dawo. Ya sake gasket, ya zaunar da ɗan makullin da ke riƙe imfela a jikin sanda, ya riƙa juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya yana danna murfin famfo, don fikafikai su kwanta ta fuskar da ta dace. Sa'an nan ya tsoma ƙafar cikin duro, ruwa ya shanye famfo, ya tayar ba tare da sa giya ba. Ruwa ya tsarto kamar daga bakin buta. Da a ce bayan duk wannan zafi bai sauka ba, in ji shi, sai a buɗe kan inji a kankare laka, a duba gasket ɗin kai.

Kammalawa

Ya kai attajiri mai zuba jari a jirgi, ka sa a duba imfela kowace shekara, ka ajiye wa yaronka wata a leda tare da fulogi da sifana, ka sayi ta ƙwarai, domin araha ba ta ado. Ka tanadi filafili biyu da rigunan ruwa gwargwadon mutanen da jirgi ke ɗauka. Ya kai matuƙi, ka mayar da waiwayen tsartuwar nan al'ada, da tashi da kuma bayan ka ratsa ciyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma 'yan'uwana malamai, in za ku tura yara ƙetare, ku tsaya a bakin ruwa da kanku, ku ƙidaya su, ku ga inji ya tsarto ruwa kafin a kwance igiya. In jirgi ya cika, sauran su jira sawu na biyu. Amanar iyayensu ce a hannunmu.

Almajirina ya koma Tiga washegari da imfela biyu a aljihu.