Jitar Bes Mara Nauyi: Abin da Ke Sa Wuyanta Rinjaya da Muryarta Sauyawa

Kwanakin baya wani ɗalibina da ke kaɗa jita ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje da koke iri biyu. Ya ce ya sayi jitar bes mara nauyi domin tsohuwar da yake ara tana sa masa ciwon kafaɗa, amma sai ga shi sabuwar ta zo da nata fitinar. Da zarar ya rataya ta ya saki hannu, sai wuyanta ya sunkuya ƙasa. Sa'an nan kuma ko ya daidaita muryar tsirkiyoyinta, kafin a gama waƙa biyu ta kauce. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa malamin ilmin halittu da kayan kiɗa. Amsar ita ce jita katako ce, katako kuwa jikin bishiya ne, kuma abin da ake rataya ta a kai kafaɗar mutum ce. Da na bincika sai na ga koken nan biyu suna da alaƙa da juna fiye da yadda shi ɗalibin ya zata.

Jitar bes ita ce mai kaurin murya a cikin dangin jita. Irin wadda ta bazu a duniya ta samo asali ne daga wadda Leo Fender ya fitar a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarar 1951, mai suna Precision Bass. Tana da tsirkiya huɗu na ƙarfe, kuma tsawon sashen da ke karkarwa a kowace tsirkiya inci 34 ne, wato kimanin santimita 86. Wannan tsawo shi ne tushen maganarmu duka. Ba a samun murya mai kauri sai da doguwar tsirkiya mai kauri, doguwar tsirkiya kuwa tana bukatar dogon wuya. Mafi kaurin tsirkiyoyin tana karkarwa sau 41 a sakan guda, mafi sirantarsu kuma sau 98. A can ƙarshen wuyan akwai kai, inda aka dasa mamurɗai huɗu na ƙarfe waɗanda ake ɗaure tsirkiyoyin da su.

Me ke sa wuya ya rinjaya?

Duk wanda ya taɓa lura da ɗan ga-ruwa mai ɗaukar garwa biyu a sanda ya san cewa idan garwa ɗaya ta fi nisa da kafaɗarsa, sai ta rinjayi 'yar'uwarta ko da ruwansu daidai yake. Masanin nan Arkimidis na birnin Sirakus ya bayyana wannan ƙa'ida tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ƙarfin rinjaye shi ne nauyin abu sau nisansa daga madogara. Kowane abu yana da wani wuri da nauyinsa ya tattaru, wanda muke kira cibiyar nauyi. Ana rataya jita a maƙalai biyu, ɗaya a gindinta, ɗaya a gaba kusa da inda wuya ya haɗu da gangar jiki. Idan cibiyar nauyi ta zauna sosai a tsakanin maƙalan nan, jita za ta tsaya inda aka ajiye ta. Idan kuwa ta matso kusa da maƙalin gaba, sai maratayi ya zame a kan kafaɗa, wuya ya nufi ƙasa.

To, a ina masu ƙira suke rage nauyi? A gangar jiki. Jitar bes da aka saba gani tana kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, marasa nauyi kuwa suna tsayawa wajen kilo 3 ko ɗan sama da haka. Akan sassaƙa jikinsu da katako mai sauƙi, kamar na bishiyar folawniya ta ƙasar Sin, wanda mita guda murabba'in ciki nasa bai wuce kilo 280 ba. Amma wuya ba ya karɓar wannan rangwame, domin shi ke ɗauke da jan tsirkiyoyi, wanda idan aka haɗa na huɗun ya kai kamar nauyin kilo 75 zuwa 80, wato kamar namiji baligi ya rataya a jikinsa dare da rana. Saboda haka akan yi shi da katako mai tauri irin mafil, wanda ya kai kilo 700 a wannan ma'auni. An sauƙaƙa gefe ɗaya an bar ɗayan yadda yake, dole cibiyar nauyi ta gusa wajen wuya.

Siffa ma tana da nata hannu. Dogon ƙahon da ke saman jikin jitar Fender ba ado ba ne. Aikinsa shi ne ya kai maƙalin gaba har wajen tsakiyar tsirkiya, ta yadda cibiyar nauyi za ta kasance a bayansa sosai. Jitar Thunderbird da kamfanin Gibson ya fitar a 1963 ba ta da irin wannan ƙaho, kuma har yau makaɗa sun san ta da rinjayen wuya duk da cewa ba mai sauƙi ba ce. Shi kuwa Ned Steinberger, wajen 1980, sai ya kawar da matsalar daga tushe: ya cire kan jitar ɗungurungum, ya mayar da mamurɗan gindi.

Ba sai an kai ga yanke kai ba. Mu ɗauki misali mu yi lissafi. A ce jita tana da kilo 3 da giram 200, mamurɗanta irin na da ne masu kimanin giram 100 kowane, kuma suna da nisan santimita 60 daga cibiyar nauyi. Idan aka musanya su da na alminiyam masu rabin wannan nauyi, an cire giram 200 ke nan. A ninka 200 sau 60, a raba da giram 3000 da suka rage, za a ga cibiyar nauyi ta koma baya da santimita 4. Sau da yawa wannan ya isa. Wanda ya zaɓi ya ɗaura dalma a gindin jita don ya sami wannan santimita 4 ɗin, sai ya ƙara fiye da giram 300, ya dawo wa kafaɗarsa da wani ɓangare na nauyin da ya biya kuɗi don ya rabu da shi. Malamai za su iya nuna wannan a aji da rula mai tsawon mita guda: a dogara ta a kan yatsa, a ɗora kwabo a kusa da yatsan, sa'an nan a gusa shi zuwa ƙarshe, ɗalibai su auna yadda madogarar take gusawa.

Sai dai kafin a sayi komai, a fara da maratayi. Siriri na nailan yana da santsi, yana kuma yanka kafaɗa domin ya tara nauyin duka a ɗan wuri. Mai faɗin santimita 7 zuwa 10, wanda cikinsa fata ce mai kaushi, yana baza nauyin kuma yana kama riga. Aibinsa ɗaya: bai gyara cibiyar nauyi ba, riƙe ta kawai ya yi, kuma idan rinjayen ya yi yawa rigar ce za ta riƙa tattaruwa a wuyan makaɗi.

Abin da jiki ke biya

A nan ne ni abin ya fi damuna. Makaɗin da wuyan jitarsa ke rinjaya yakan tallafe shi da hannun da yake danna tsirkiya, galibi ba tare da ya sani ba. An halicci tsoka ne ta riƙa ɗaurewa tana saki. Wannan kai da kawo shi ke taimaka wa jini ya shiga ya fita. Idan ta ɗaure ta tsaya a haka na tsawon lokaci, sai ta matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, iskar oksijin ta ragu, gajiya ta zo da wuri. Ban da wannan, jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suna bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu tare da babbar jijiyar saƙo guda. Idan aka lanƙwashe wuyan hannu aka kuma ɗora masa nauyi, matsi yana ƙaruwa a wannan hanya. Wanda ya fara jin yatsunsa suna mutuwa ko suna tsitstsira bayan kiɗa, ya huta ya ga likita, kada ya ce juriya zai koya.

Haka kuma wannan riƙo yana taɓa murya. Wuyan jita yana da ɗan lanƙwasuwa, kuma hannun da ke tallafe da shi yakan ja shi ko ya tura shi, yakan kuma danna tsirkiya fiye da kima. Kowanne daga cikin waɗannan yana sauya ɗaurin tsirkiya. Marin Mersenne na Faransa ya wallafa ƙa'idar a 1636: yawan karkarwar tsirkiya ya dogara ga tsawonta da kaurinta da ɗaurinta, kuma sai an ninka ɗauri sau huɗu kafin karkarwa ta ninku sau biyu. Ma'ana, idan ɗauri ya sauya da kashi 1 cikin 100, karkarwa za ta sauya da rabin kashi 1. Abu ne kaɗan a takarda, amma kunnen da ya saba yana kama shi idan ana kiɗa tare da wasu. Ashe ke nan wani ɓangare na kaucewar muryar da ɗalibina ke kuka da ita daga hannunsa take fitowa.

Ba laifin mamurɗi ba ne

Yawancin masu koyo suna ɗora laifin kaucewar murya a kan mamurɗai, su ce suna zamewa. Da wuya haka ta faru. An ƙera mamurɗi da sandar ƙarfe mai zare wadda ke juya faifai mai haƙora. Sandar tana iya juya faifan, amma faifan ba ya iya juya sandar, komai jan tsirkiya. Abin da ke akwai shi ne ɗan sarari tsakanin haƙoran. Shi ya sa ake daidaita murya daga ƙasa zuwa sama koyaushe. Idan ka wuce inda kake nema, ka sassauta sosai, ka sake hawa.

Wurin da ya kamata a fara zargi shi ne ɗan matashin da ke tsakanin kai da wuya, wanda tsirkiyoyi ke ratsa tsagoginsa. Idan tsaga ta matse tsirkiya, sai ɗaurin da ke bayan matashin ya bambanta da na gabansa. Makaɗi zai ga murya ta daidaita, amma da ya fizgi tsirkiyar da ƙarfi sai ta kufce, ɗaurin ya baje, murya ta kauce. Alamar wannan ita ce ɗan ƙara, ƙas, da ake ji lokacin murɗawa. Maganinsa na kusa shi ne a goga bakin fensir a cikin tsagar, domin girafayit ɗin da ake rubutu da shi yana da santsi. Idan ba a dace ba, gwani ya ɗan faɗaɗa ta. Naɗin tsirkiya a jikin mamurɗi ma ya zama zagaye biyu zuwa uku, kowane a ƙarƙashin na samansa, ba wanda ya hau wani. Sabuwar tsirkiya kuma a ɗan ja ta da hannu a sake ɗaurewa, sau uku ko huɗu, har ta daina sauka.

Katako bai daina shan ruwa ba

Bishiya ta mutu, amma bangon ƙwayoyin halittarta yana nan. An gina shi da zaruruwan selulos waɗanda galibi suke miƙe bisa tsawon itacen, kuma suna jan ruwa daga iska. Ruwan yana shiga tsakanin zaruruwan ya buɗa su, shi ya sa katako yake kumbura ta faɗi sosai, amma ta tsawo kaɗan ƙwarai. Wannan ne dalilin da ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da rani. A wuyan jita, allon gaba da ake danna tsirkiya a kai sau da yawa ba a shafa masa fenti, don haka yana rigan bayan wuyan sha da bushewa. Idan ya kumbura, wuya yakan karkata baya, tsirkiyoyi su ƙara ɗauri su riƙa gogar ƙarafan da aka gicciya a allon. Idan ya bushe, wuya yakan rusuna gaba, murya ta sauka.

Jitar da aka ƙera a Amurka ko Japan ko Indonisiya, aka kawo ta Kano ko Damagaram, za ta gamu da danshin watan Agusta sa'an nan ta gamu da hunturu, lokacin da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. A irin wannan lokaci makaɗi zai ji bakin ƙarafan allon suna kartar yatsunsa, domin katakon ya tsuke, ƙarfe kuwa bai tsuke ba. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko a sassauta don a miƙar da shi, dabarar da Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ya nemi rajistarta a 1921. Ana juya ta ne kwata-kwatan zagaye, a bari wuyan ya kwana, sa'an nan a duba. Wanda ya murɗa ta da gaggawa yana iya karya ta, gyaranta kuwa kan kusa kuɗin sabon wuya. Zafi ma yana miƙar da ƙarfen tsirkiya, saboda haka jitar da aka fito da ita daga but ɗin mota a bar ta ta huce kafin a daidaita ta.

Katako mai sauƙi yana da wani rauni da ba a cika faɗa ba: ƙwayoyinsa manya ne masu siririn bango, ba sa riƙe kusa mai murɗi da kyau. A riƙa duba kusoshi huɗu da suka haɗa wuya da jiki, da na jakin da tsirkiyoyi suka hau a gindi, domin ko ɗan motsi suka yi murya za ta bi su. Idan ramin maƙalin maratayi ya buɗe, a cusa tsinken ashana biyu da gam na katako, a bari ya bushe, a mayar da kusar.

Ɗalibin nawa ya fara da maratayin fata da bakin fensir, ya kuma sake naɗa tsirkiyoyinsa. Mamurɗan alminiyam sai da ya tara kuɗi, kuma na sa ya auna faɗin ramukan kan jitar kafin ya aika a sayo, domin ba girma ɗaya suke zuwa ba. Bayan ya sauya su ya lura da wani abu: akwai wani wuri a kan siririyar tsirkiya inda murya kan mutu da wuri, sai ga shi wurin ya ɗan gusa. Dalili shi ne wuyan ma yana da tasa karkarwa, wadda ke shanye ƙarfin duk muryar da ta yi daidai da ita, kuma rage nauyin kai ya ɗaga wannan karkarwa sama.