Baƙunci a Ƙasar Jamus: Sai da Harshe Ake Shiga Gida

Tun da muka iso ƙasar Jamus saƙonnin 'yan'uwa ba su yanke mana ba, musamman daga matasan ikilisiya. Tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, yaya ake samun hanya?" Har yau ba mu sami wanda ya tambaye mu yadda ake zama bayan an sami hanyar ba. To, jama'a masu karatu, wannan tambayar da ba a yi ba ita za mu amsa a shafin nan.

Wata ikilisiya mai zumunci da tamu ce ta gayyace mu, mu da iyali, mu yi shekara biyu a wani ƙaramin gari kusa da birnin Stuttgart. Mun sauka a watan Nuwamba. Kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, ga sanyin da ko mutumin Jos sai ya sara masa. Amma sanyi yana da magani, a sayi riga mai kauri. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne mu da muka saba tsayawa gaban jama'a muna koyarwa, sai ga mu a ofishin hukuma kamar kurame, ana magana a kanmu muna murmushi.

Doka ta ce duk wanda ya kama gida sai ya je ofishin gari cikin kwana 14 ya rubuta sunansa da inda yake zaune, da takardar shaida daga mai gidan. Suna kiran wannan Anmeldung, kuma kusan kowace takarda da za a nema daga baya a kanta take rataye. A nan ne za a tambaye ka addininka. Wanda aka rubuta shi ɗan Katolika ko ɗan babbar ikilisiyar Furotesta ta ƙasar, gwamnati za ta riƙa cire masa harajin ikilisiya daga albashi: kashi 8 cikin 100 na harajin da yake biya a jihohin Bayern da Baden-Württemberg, kashi 9 a sauran jihohi. A lura, na harajin ne, ba na albashin duka ba. Mun ji labarin waɗanda suka ce ba su da addini don gudun wannan kuɗi. Ba mu ga kyan haka ba ga mutumin da aka yi wa baftisma. Wanda bai san inda ɗariƙarsa ta faɗa ba, gara ya tambayi fasto kafin ya je, ko ya shiga ofishin Diakonie ko na Caritas, inda ikilisiyoyi ke ba baƙi shawara kyauta.

Sai makaranta. Tun shekarar 2005 Jamus ta kafa kwas na musamman domin baƙin da za su daɗe: awa 600 na koyon harshe, da awa 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasar, a ƙarshe a yi jarrabawar matakin da suke kira B1. A ajinmu akwai mutanen Siriya, da Yukiren, da Eritiriya, da Turkiyya, har da wani likita mai furfura da ke haɗa jimla da ƙyar kamar kowa.

A nan Hausa ta yi mana rana. Masu Turanci kaɗai sun sha wahalar gane cewa kowane abu yana da jinsi, mu kuwa tun muna goye muka san rana tamace ce, wata kuma namiji, kuma haka yake a Jamusanci. Sai dai su sun ƙara jinsi na uku, wanda ba namiji ba ba tamace ba, kuma abin mamaki kalmar yarinya a cikinsa take. Haka nan yadda muke ce wa babba "ku", su ma suna da Sie na girmamawa da du na sabo. Kada ka kuskura ka ce wa dattijo ko ma'aikaci du sai shi ya ba ka izini. Abin da ya taɓa zuciyarmu shi ne, a cikin addu'a, Allah Maɗaukaki du suke ce masa, kamar yadda ɗa yake kiran mahaifinsa.

Lissafi kuwa a juye yake: 21 sai su ce ɗaya da ashirin. Agogo ma haka. Lahadinmu ta biyu aka ce mana sujada "rabin goma". Muka ɗauka goma da rabi ke nan, muka yi shiri a natse. Ashe tara da rabi ake nufi, wato saura rabin awa goma ta cika. Sujadarsu kuma awa ɗaya ce cif. Muna shiga fasto yana sa albarka, jama'a suna ɗaukar rigunansu. Ba wanda ya yi mana dariya, da ma sun yi da ya fi mana sauƙi. Bayan wannan kuma, da muka fara jin Jamusancin aji, sai muka tarar tsofaffin garin wani kari suke yi na yankinsu, kamar wanda ya koyi Hausar Kano aka kai shi ƙauyen Sakkwato.

In gajiya ta kama mu, mukan tuna cewa hanyar nan an taɓa binta ta ɗaya gefen. Bajamushe ne, Jakob Friedrich Schön, ya zauna ya koyi Hausa har ya buga nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma juya wasu sassan Littafi Mai Tsarki. Babban mataimakinsa wani yaro ne Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya taka ƙasar Jamus tun kafin kakanninmu su ji sunanta. Karl Kumm, wanda ya kawo masu bishara na farko na mishan ɗin SUM zuwa Wase a 1904, shi ma Bajamushe ne. Ba su ce sai mun koyi nasu kafin su yi mana magana ba. Yanzu da juyi ya zo kanmu, ba mu da bakin ƙorafi.

Haɗarin da muka fi gani ba wuyar harshen ba ce, sauƙin guje masa ne. Da waya a hannu mutum yana iya wuni cikin Hausa: ga sashen Hausa na Muryar Jamus, wanda ke aiki tun 1963, ga hirar 'yan gida dare da rana. A manyan birane kuma akwai majami'un 'yan Afirka masu sujada da Turanci, da ganga da rawa kamar a gida. Ba mu hana kowa zuwa ba, mu ma mukan je in kewa ta yi yawa. Amma mun sadu da ɗan'uwan da ya shekara 10 a ƙasar, har yau in wasiƙar hukuma ta zo sai ya nemi mai karanta masa, kuma wasiƙun nan kwanakinsu a ƙidaye suke. Mun ga uwa da ta kai ɗanta mai shekara 9 asibiti ya zama tafinta tsakaninta da likitan mata. Yaro yakan kama Jamusanci cikin 'yan watanni, daga nan sai ya fara amsa wa iyayensa da shi, Hausa tana zubewa. A gidanmu mun yanke shawara: addu'ar dare da karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin makaranta da Jamusanci, babu musaya.

Kada kuma wani ya zo da zaton zai tarar da majami'u cike domin ƙasar Martin Luther ce, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke bisa doka, ƙararrawa tana kaɗawa, amma kujeru da yawa babu kowa. Lissafin 2022 ya nuna membobin manyan ikilisiyoyin biyu ba su kai rabin jama'ar ƙasar ba. Waɗanda suka rage ɗin kuwa masu aminci ne, suna marmarin jin yadda muke bi a gida, sai dai da harshensu za a gaya musu.

Ga masu shirin tafiya, a fara koyo tun daga gida. Cibiyar Goethe tana Legas, kuma tun 2007 yawancin masu bin miji ko mata sai sun nuna shaidar matakin A1 kafin a ba su biza. Iyaye kuma, kafin ku sayar da gona don ɗanku ya tafi, ku tambaye shi kalma nawa ya iya.

Mu dai a wata na bakwai aka ba mu karatun nassi a sujada, aya takwas kacal, muka yi mako guda muna maimaitawa. Da aka tashi, wata tsohuwa da ke zaune a ƙasan benenmu, wadda gaisuwarta ba ta taɓa wuce kalma biyu ba, ta tare mu a bakin ƙofa. Ta gyara mana furucin kalma uku, sannan ta ce mu zo shan kofi ranar Laraba, "rabin huɗu". Uku da rabi daidai muka buga mata ƙofa.