Ƙota da hannun manomi

Sabuwar ƙotar fartanya ba ta da daɗin riƙo. Wanda ya sassaƙa ta bai auna tafin hannunka ba, shi ya sa ranar farko a gona kake dawowa gida da bororo. Amma kafin a gama maimai, gumi ya goge ta, ta yi santsi daidai inda yatsu ke kamawa, hannun kuma ya yi kanta. Kowanne ya ci ɗan'uwansa har sun daidaita. Irin wannan zaman ake yi tsakanin tsarin da hukuma ke shimfiɗa wa kimiyya da abin da jama'a suka ɗauka da daraja, kuma mu a Kano mun ga haka da idonmu a kan rigakafin shan inna.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Asibitin Zana, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani daban. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi ba. Wannan bororon bai warke ba har 2003, lokacin da jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa. Jita-jitar ba gaskiya ba ce. Sai dai ta faɗo a kan miki, kuma ta zo tare da tambayar da har yau nake ganin tana da ma'ana: don me ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro da ke kashe mana yara sai mun saya?

Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Wannan asarar ba ta da ramuwa.

Daga nan aka koma ana kankare ƙotar. A 2006 aka fara haɗa ɗigon da abin da uwa ke gani da amfani, kamar sinadarin bitamin A da sabulu da gidan sauro. A 2007 Najeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya da suka wajabta neman yardar mutum kafin a yi gwaji da shi. A 2009 Pfizer ta sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75, a shekarar kuma sarakunan Arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, aikin ya sauko hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Waɗanda suka fi burge ni su ne matan unguwa masu shuɗin hijabi da ke bin gida-gida kan rigakafin. Mace ce da ta san kowane zaure, ta je sunan yaron, ta shiga har ɗaki ta zauna a tabarma ta ce, "Maman Abba, ina katin nasa?" Namiji baƙo ba ya samun wannan shigar.

Jama'ar ma ba yadda suke da suka tsaya ba. Maigidan da jiya yake cewa ba a gidansa ba, ya ji limami ya yi bayani, ya ga masu lalurar shan inna kansu a kan kekensu suna roƙon a ɗiga wa yara. An kai ga haka da jini, domin a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi mata tara a Kano. Amma a 2016 aka ga ƙarshen ƙwayar shan inna ta asali a Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Tsohuwar tambayar nan fa ba a gama amsa ta ba. An zuba ƙarfi a bin gida-gida, an bar rigakafin yau da kullum na ƙaramin asibiti da rauni. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma akasarin yaran da suka kamu ba su cika alluransu ba.